Taufiƙ da Akwatin Hayaniya

Taufiƙ bai kai shekara arba'in ba. Na fara da wannan ne domin duk wanda ya ji yadda mutanen ƙauyukan bayan Kolokondé suke ambaton sunansa sai ya zaci dattijo ne. Mutum ne siriri, mai ɗan ƙusumbi saboda yawan sunkuyo a kan teburin gyara, kuma in kana yi masa magana yakan karkato maka kunnen hagu kamar zai auna muryarka.

Tare muka tashi a Djougou, ƙofar gidansu na kallon tamu. Kakanninmu fataken goro ne, tare suka riƙa bin hanya, shi ya sa tun ba mu san kanmu ba aka ce mana mu 'yan uwa ne. Ni ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, na bi mota har na zama direba. Shi ya wuce Parakou ya koyi aikin lantarki, ya buɗe ɗan shago a unguwar Albarika yana gyaran rediyo da salula. Ƙusoshinsa a gwangwanayen kifi yake tara su, kowane iri da gwangwaninsa, kuma ko matarsa Lauratu ba ta isa ta taɓa su ba. Duk lokacin da na sauke kaya a Parakou, wurinsa nake zuwa shan shayi. Yana hango ni zai ce, "Ga sarkin faɗawa rami nan! Yau ƙafar mota nawa ka kashe?" Ni kuma in ce, "Sannu da aiki, limamin gwangwani."

Motar da nake ja ta Hajiya Sauda ce, mai sayen doya. Rumbunta yana Kolokondé, daga nan muke shiga daji mu bi ƙauyuka mu ɗauko kaya, mu biya manoma hannu da hannu, domin ba su yarda da wani biya ba sai wanda suka gani da ido. Da ka bar titi kaɗan rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, salula ta zama dutse. Sai 'yan kasuwa suka sayi rediyon hannu, wanda muke kira toki, don a riƙa sanar da juna wace hanya ta ɓaci, wa ya taso, wa ya isa.

Abin da ba mu yi tunani ba shi ne, kasuwar da ta sayar mana da toki ba ta tambayar mai saye ko shi wane ne. Masu tare hanya suka sayi nasu. Suna zaune a kan wani tudun duwatsu da ke kallon hanyoyin, suna saurarenmu kamar masu jin labaran safe. A damina ɗaya aka tare motoci da dama, aka karya wa wani direba hannu. Muka yi shawara a riƙa magana a dunƙule, a canza wa ƙauyuka suna. Bai yi mako ba abin ya watse. Hajiya za ta fara da sunan da aka shirya, kafin ta gama gaisuwa ta manta, sai ka ji ta ce, "Kai Jalilu, ku dai biyo ta gidan Labbo, kar ku tsaya shiririta."

Na kai wa Taufiƙ wannan kuka ne kawai don in huce, ban je neman magani ba. Ya ɗan juya cokali a kofi. Can ya ce, "Ku kuna ta wahalar ɓoye maganar. Mutanenmu ba za su iya ba. Muryar za a hana ta isa kunnensu."

"Yaya za a yi ka hana iska tafiya?"

Ya faɗi wani dogon suna da Faransanci, wai sécurité de la couche physique. Na ce masa ya yi mini da harshen 'yan Adam. Ya yi dariya har da tari.

"To, Jalilu. Kana gidan biki, kana son gaya wa Hajiya magana, tana can ƙarshen gida, ga magulmaci laɓe a bayan zana. Me za ka yi?"

"In ƙwala mata kira."

"Shi ya sa ake tare ku. Raɗa za ka yi wa na kusa da kai, shi ya raɗa wa na gaba, har ta isa. Sannan ka roƙi masu daka su jawo turminsu jikin zanar. Magulmacin yana nan, kunnensa lafiya lau, amma ba abin da yake ji sai lugude."

Ya ce ba shi ya ƙirƙiro ba, masana sun daɗe suna rubutu a kai, shi dai yana karantawa a salularsa, kuma yana ganin zai iya haɗa ɗan ƙarami da kayan da ake samu a kasuwa. Watanni ya yi yana haɗawa yana kwancewa. Lauratu ta ce har kwanon tuwonta na alminiyam ya ɗauka ya huda. Hajiya da wasu 'yan kasuwa suka ɗauki nauyin kayan, shi kuma ya ƙi karɓar ladan hannunsa, ya ce sai abu ya yi aiki.

Ga yadda ya tsara. Ya rage wa tokin motocinmu ƙarfi, yadda muryarmu ba za ta wuce gida mafi kusa ba. A gidajen da ya zaɓa a kan hanya ya ajiye akwati biyu biyu, da batir, da farantin hasken rana a kan rufi. Akwati ɗaya yana karɓar magana ya miƙa wa gida na gaba, eriyarsa na kallon gidan kaɗai. Ɗayan ba ya cewa komai, hayaniya kawai yake fitarwa, shiii, kamar ruwa a kan kwano, kuma eriyarsa ta juya wa hanya baya tana kallon daji. Da wani ya fara magana, sai akwatunan hayaniya na gidajen da ke kusa su tashi su rufa masa asiri.

Gidajen kuwa ba da ka ya zaɓe su ba. Ya je wurin tsofaffinmu a Djougou ya tambayi inda kakanninmu suke sauka a da, ya bi zuriyar masu masaukin. Ya ce amanar da ta riƙe goro za ta riƙe akwati. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne gidan Baba Labbo, domin shi ne yake daf da tudun duwatsun. Hayaniyar gidansa ce take toshe kunnen tudun. In ta mutu, sauran duk aikin banza ne.

Ba zan manta ranar gwaji ba. Da hantsi ya sa wani manomi ya kai ni ƙasan tudun a kan babur, ya ba ni toki sabo, ya ce, "Yau kai ne ɗan fashi. Dama fuskar ta dace." Na zauna a kan dutse na kunna. Shiii. Na murɗa nan, na murɗa can, na hau sama, na ɗaga hannu. Shiii. Da na dawo gidan Baba Labbo na tarar da su suna ta dariya, har tsohon yana share hawaye. Ashe duk tsawon lokacin Taufiƙ yana kan toki da Hajiya suna cin namana, wai ina minshari a kan sitiyari, wai na taɓa neman aure aka ce in je in yi wanka tukuna. Ko kalma ɗaya ban ji ba. Ranar na ga Taufiƙ ya miƙe sosai, ƙusumbin nan ya ɓace. Ya rungume ni yana cewa, "Ba ka ji ba? Ka rantse ba ka ji ba?"

Baba Labbo tsoho ne mai farin gemu, ba shi da komai sai gonar dawa da zaure mai faɗi. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: tun zamanin kakansa ba a taɓa mayar da baƙo daga ƙofar nan da buƙatarsa ba. Randar zaurensa ba ta bushewa. Amma baƙon yanzu ba ruwa kaɗai yake roƙo ba. Ƙauyen ba lantarki, kuma labari ya bazu cewa akwai batir a gidan Labbo. Matafiyi zai yi sallama, ya sha ruwa, sai ya zaro salula ya ce, "Baba, a taimaka mini da ɗan caji, kafin in fita titi."

Taufiƙ ya hango wannan tun farko. Ya zo da ƙaramin kwaɗo zai rufe akwatin batirin. Ina tsaye lokacin. Baba Labbo ya dubi kwaɗon, ya dubi Taufiƙ, ya ce a hankali, "Ɗana, kakanka ya kwana a ɗakin can da kayan goron da sun fi gidan nan daraja. Ba a sa kwaɗo ba."

Taufiƙ ya durƙusa. "Baba, ba don kai ba ne. Don masu shigowa ne."

"Masu shigowa baƙina ne. In ka kulle abu a zaurena, ni ka kulle."

Taufiƙ ya mayar da kwaɗon aljihu. Ya yi wa tsohon bayani dalla dalla, ya nuna masa igiyoyi biyun da suka haɗa akwatunan da batir, ya ce ko me za a yi kar a zare su, musamman in an yi kwanaki ba rana. Baba Labbo ya ce ya ji, kuma na san da gaske ya ji. A hanyar dawowa na ce wa Taufiƙ, "Da ka rufe kawai. Zai yi fushi ya huce."

"Kai za ka iya kallon idonsa ka danna kwaɗo?"

Na san ba zan iya ba.

"Batir na biyu zan kawo masa," in ji shi. "Na baƙi daban, da nasa farantin. Kowa ya huta."

Amma batir ba araha ba, kuma 'yan kasuwa da suka ga hanya ta yi lafiya sai hannunsu ya yi nauyi. Rani ya wuce ba a tare kowa ba. Kowa na sa wa Taufiƙ albarka, ba mai tuna batir. Shi kuma ba ya iya roƙo. Da kansa ya riƙa tarawa daga gyaran salula, yana rage wa gidansa. Lauratu ta ce mini ko a Sallah bai ɗinka sabuwar riga ba.

Sai a tsakiyar damina, lokacin sabuwar doya, ya samu ya sayi batirin. An yi kwanaki hadari bai ɗaga ba, rana sai dai a ji labarinta. Ya biyo motar haya daga Parakou ya same ni a Kolokondé da safe, rungume da batirin kamar jariri. Dama ranar zan shiga daji da kuɗin manoma. Ya hau gaba, ya ɗora batirin a cinya, toki rataye a wuyansa.

Mun yi nisa, mun kusa yankin Baba Labbo, sai shugaban manoman ƙauyen ƙarshe ya kira ya ce rafi ya cika, mota ba za ta haye ta hanyar ƙasa ba. Hajiya ta amsa daga rumbu. Ta fara gaisuwa yadda ta saba, ta tambayi iyali, ta tambayi ruwa, ta tambayi mai jego.

Na ga Taufiƙ ya karkata kunnen hagu. Ya ɗaga tokin ya manna a kunne. Fuskarsa ta canza.

"Jalilu, muryar nan ta yi kyau da yawa."

"To ba abin da ake so ke nan ba?"

"A nan wurin kullum akwai ɗan shiii a ƙarƙashinta. Kaɗan, amma akwai. Yau babu." Ya dube ni. "Na gidan Baba a kashe yake."

Ya danna toki yana kira, "Hajiya! Hajiya, ki yi shiru!" Amma toki ba salula ba ne. Muddin mai magana yana danne da nasa, ba ya jin kowa. Muna zaune muna jin ta tana cewa kar manoma su damu, Jalilu ya riga ya taso da haƙƙinsu gaba ɗaya, tunda rafi ya cika zai zagayo ta gindin tudu, kuma ma yana tare da yaron nan mai akwatuna, Allah ya yi masa albarka. Sai da ta gama tsaf ta saki.

Na taka birki. Hanyar siririya ce, dama da hagu caɓi, in na ce zan juya motar nan sai dai a zo da tarakta a ciro ta. Taufiƙ ya ce, "Gidan Baba ya fi kusa da baya. Mu je. Wataƙila ba kowa a tudun yau." Shi ma bai yarda da abin da ya faɗa ba.

A gindin tudun muka tarar da icce a gicciye. Masu tare hanya suka fito daga ciyawa, fuskoki a rufe, bindigogi a hannu. Ban yi gardama ba, na miƙa jakar kuɗin. Har sun fara ja da baya, sai ɗaya ya leƙo ta tagar Taufiƙ, ya ga batir a cinyarsa da toki a wuyansa. Shi ma akwai toki a ɗamararsa, irin namu sak.

"Kai ne mai shiii ɗin?"

Da ya ce shi karen mota ne, da wataƙila yana nan. Taufiƙ bai iya ƙarya ba tun muna yara. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ƙara rungume batirin. Mutumin ya ce, "Rani guda ka sa mu yunwa." Sai ƙarar bindiga.

Ban san yadda na janye iccen ba. Na san dai na isa gidan Baba Labbo, muka shimfiɗa Taufiƙ a tabarmar zaure, kusa da randa. Idonsa biyu. Ba ya kallon kowa, kusurwar da akwatunan suke yake kallo. Igiyar akwatin hayaniya tana lilo a ƙasa.

Baba Labbo ya durƙusa a kansa. "Baƙo ne, ɗana. Ya ce mahaifiyarsa na asibiti, salularsa ta mutu. Na sa masa, wutar ta ƙi ɗauka, batirin ya yi sanyi. Sai na duba, na ce wannan yana magana, kar in taɓa shi. Wannan da ba ya cewa komai, in ɗan cire shi kaɗan. Da ya tafi na manta ban mayar ba."

Taufiƙ ya motsa hannu ya taɓa gwiwar tsohon. Ya ce, "Na kawo na baƙin, Baba. Yana mota." Sannan ya ce da ni, "Jalilu, mayar da igiyar."

Na mayar. Ɗan koren haske ya kama. Ya kalle shi, ya yi kalmar shahada, muka taya shi. Kafin a samo wanda zai ɗauke shi zuwa Djougou ya cika.

Har yau ba wanda ya san ko baƙon nan nasu ne aka turo, ko kuwa bawan Allah ne da mahaifiyarsa ke kwance da gaske. Na tambayi Baba Labbo kamanninsa, ya ce bai kalle shi da kyau ba, ba a ƙare wa baƙo kallo. Na so in ji haushin tsohon. Na gwada. Amma na gan shi a wurin zaman makoki a Djougou, ya zo a bayan babur cikin ruwa, ya zauna can bakin ƙofa inda takalma suke, ya ƙi shiga, ya ƙi cin komai. Mahaifiyar Taufiƙ ce ta aika a ce masa ya shigo, gidan ɗansa ne. Bai shigo ba.

Na ɗora masa batirin na biyu da kaina, yadda na ga Taufiƙ yana yi. Amma akwatunan ba su daɗe ba. Tsawa ta ƙona na wani gida, ba mai gyarawa. Iska ta karkatar da eriyar wani, muka mayar da ita da ido, ashe mun juya hayaniyar tana kallon hanya, muka toshe kunnen kanmu. Na ɗauki ɗaya na kai wa masu gyara a Parakou. Suka buɗe, suka ce aikin yana da kyau amma kowane akwati an daidaita shi ne da inda yake zaune, da tudun da ke gabansa, sai mutum ya je ya kwana biyu a wurin yana aunawa. Da suka ji abin da ya sami mai shi, ba wanda ya ce zai je. Ban ga laifinsu ba.

Hajiya Sauda ta daina shiga wannan dajin. Ta daina riƙe toki ma, ko salula aka miƙa mata sai ta ce a faɗa mata kawai. Manoman ƙauyukan can yanzu suna fito da doyarsu titi a kan babur, kaɗan kaɗan, rabi ta ƙuje kafin ta iso. Farantan rana suna nan a kan rufin gidajen, ana cajin salula da su. Baba Labbo ya rasu da rani. 'Ya'yansa sun ce tun daga ranar bai ƙara zama a zaure ba, amma bai hana a bar ƙofar a buɗe ba.

Lauratu ta koma gidansu da 'yarsu Shakira, wadda ta ɗauko karkata kunnen nan na ubanta. An ba wani tela shagon na Albarika. Da za a kwashe kaya Lauratu ta kira ni ta ce in ɗauki abin da nake so. Na ɗauki gwangwanayen ƙusa, ban san me zan yi da su ba. A aljihun rigar aikinsa ta sami ɗan kwaɗon nan, da makullinsa a jiki. Ta tambaye ni na mene ne. Na ce na wani akwati ne da ba a rufe ba.

Yanzu wani mai gawayi nake yi wa tuƙi, kuma wani lokaci hanya takan bi da ni ta gindin tudun. Gawayi ba ya jan hankalin kowa. Tokin Taufiƙ yana cikin motar, nakan kunna shi in na iso wurin, ban san dalili ba. Akwai sababbin 'yan kasuwa da suka fara shiga dajin, ba su san mu ba. Ina jin su tar, suna gaisawa, suna faɗin ta inda za su biyo da abin da suka ɗauko. Na taɓa dannawa na ce musu su yi hattara, ana jin su. Wani ya ce, "Kai kuma wane ne?" Suka yi dariya, suka ci gaba da maganarsu.

Allah ya jiƙan Taufiƙ, ya sa ya huta.